Fararen Takalman Sidi

Jikokina sun ce ni tsoho ne mai gardama a kan wasanni, kuma ban musa ba. Duk wanda ya sha shayi a zaurena ya ji ni ina kushe takalman gudun nan da samari ke rububi, masu laushi kamar katifa. In aka nuno golf a tele, wato wasan da ƙato zai bugi 'yar ƙwallo da sanda ya bi ta yana tafiyar ƙasaita, tsaki nake ja har sai an sauya tasha. Shi kuwa faɗan cikin keji da jikana Bashir ke kallo a salularsa, wanda mutum zai faɗi a bi shi a danne ana ta duka, da an kunna shi nake ɗaukar butata in bar wurin. Ku 'ya'yana kun ɗauka rigimar tsufa ce kawai. To, ku sani duk abin nan daga shekara ɗaya ya samo asali, kuma daga mutum ɗaya, ƙanena Sidi, baffanku, wanda muka rufe bara. Labarin da kuka taso kuna ji daga bakina, cewa ƙaya da takalmin Nasara ne suka kayar da ni a tsere, ƙarya ce na shara muku, kuma ina so in gyara ta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Lokacin babban fari ne, soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Babanmu ya riga ya rasu, ya bar mini rumfarsa ta dukanci a tsohuwar kasuwar Agadas, da basillarsa, da gida mai baki huɗu: Inna, da ni, da uwarku Rabi tana ɗauke da cikinta na fari, sai Sidi. Fata ta yi yawa a wannan shekara har ba a san inda za a sa ta ba, amma fatar dabbar da yunwa ta kashe ba ta da rai, kana ja tana yagewa. Masu saye ma babu. Buzayen da suka saba zuwa su yi cinikin takalma da jakunkunan raƙumi suna zube a bayan gari cikin tsummokaran tanti, ba raƙumin balle jaka. Ayarin gishiri na Bilma da Fashi bai tashi ba. Jar dawar taimako muke ci, wadda ko an daka ta yini guda ba ta yin laushi, kuma na sha ganin Inna tana cewa ta ƙoshi alhali ba ta kai loma uku ba.

Abu ɗaya ya rage mini da nake tinƙaho da shi, shi ne gudu. Tun muna yara Baba yake aikenmu lambunan bakin ƙorama, ya ce mu dawo kafin shayinsa ya huce, ta haka muka koya. A tseren samari na bayan Salla ba wanda ya taɓa ganin gabana, sai dai ƙeyata. Mahaman Barewa ake ce mini, ni kuma ina amsawa ba kunya. Sidi na biye da ni da shekara uku, dogo, siriri, mai yawan dariya, kuma a tsere na uku ko na huɗu yake zuwa, ya iso yana haki yana tafa mini. Ko cikin yunwar ba mu daina ba. Da an sallame asuba mukan fita ta bayan filin jirgi mu zagayo, ni a gaba shi a baya, ƙafa ba takalmi.

A can muka gamu da wani Nasara. Mai haƙa rijiyoyi ne, an turo shi saboda farin, kuma yana da wata ɗabi'a da ta ba duk gari dariya: kowace safiya sai ya tsaya cikin rairayi da sandar ƙarfe yana bugun 'yar farar ƙwallo, ƙarama, ba ta kai ƙwan kaza ba. Wata rana ya buga ta yi nisa, ta faɗa bayan wani tudu, sai ya ɗaga mana hannu yana nuna wajen.

Na ce wa Sidi, "Rabu da shi. Ni ba karen farauta ba ne."

Sidi ya ce, "Haba Yaya, baƙo ne fa. Mi zai rage mini?"

Ya sheƙa ya ɗauko. Daga ranar kuwa ya samu aiki ba albashi. Nasara ya buga, Sidi ya ruga ya kawo, ya sake bugawa, ya sake rugawa, sau ashirin, sau talatin, cikin rairayi mai nutse ƙafa. Ni nakan wuce abina ina yi masa ba'a, in dawo gida in ba Rabi labari muna dariya. Wata huɗu suka yi a haka. Ban gane ba sai da girma ya zo mini, ashe duk safiyar da nake dariya ƙafafun yaron nan ƙarfi suke ƙarawa. Ranar da Nasaran zai koma ƙasarsu ya kira Sidi ya miƙa masa takalmansa na gudu.

Ba zan manta da shigowarsu gidanmu ba. Farare ne tas, saman zane, ƙasan roba mai gurbi-gurbi, da igiya doguwa. Baskit ake ce musu. Na karɓa a matsayina na baduku, na juya, na leƙa ciki, ina neman ɗinki ban gani ba, duk manne aka yi. Na ce sati ɗaya rana za ta ɓalle su. Ba su ɓalle ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda rumfata ta cika da mutane, ba don su sayi takalmin da na ɓata kwana uku ina yi wa ado ba, sai don su tambaye ni yaushe Sidi zai zo su ga nasa. Har uwarku na kama tana shafa su da yatsa. Inna kuwa bisa jeren kwanoninta na aure take ajiye su, wurin da ko hularmu ba ta taɓa hawa ba.

Dole in yi muku bayanin Inna, don yanzu abin ya ragu. Ni ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu kunyar ɗan fari suke yi. Ba ta taɓa faɗin sunana ba tun da ta haife ni. "Kai" take ce mini, in tana magana da wani ta ce "wancan". Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta zama kusa da ni, in na yi zazzaɓi ta bakin maƙwabciya take tambaya. Sidi kuwa auta ne, sunansa a bakinta yake yini, ta taɓa kansa, ta ajiye masa ƙanzo. Na san al'ada ce, kowa ya sani, ɗan farin kowane gida haka yake tashi. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba, kuma zuwan takalman nan sai ya fama mini tsohon miki.

Ana haka mai shela ya zaga gari da ganga. Kumandan sojan da ke riƙe da garin ya ce za a yi tsere daga bayan filin jirgi zuwa gindin hasumiyar babban masallaci. Wanda ya zo na ɗaya za a kai shi Yamai ya yi wa jiha gudu, kuma a ɗauke shi soja. Mutum ɗaya tak ake so. A wannan shekara kakin soja yana nufin buhun shinkafa duk wata, yana nufin Rabi ta haihu da ruwan nono. Gari duka ya ce ai an gama, na Barewa ne, ni ma haka na ɗauka, sai dai wasu sun fara ƙarawa da cewa a dai lura da mai fararen takalma.

Saura kwana uku Sidi ya same ni a rumfa, ya ajiye takalman a gabana.

Ya ce, "Yaya, ƙafarmu ɗaya ce. Ka sa su ranar. Kai ne mai iyali."

Na ce, "Ni da ke ɗinka wa gari takalmi, ni zan ari na Nasara? Kwashe abinka. Ko ka sa huɗu ba ka ganin ƙurata."

Ya yi dariya ya kwashe. Da ya yi fushi da na ji sauƙi. Kyautar nan da ya yi niyya ta ƙara mini haushi, don a ganina mai abu ne yake tausaya wa marar shi.

Washegari Inna ta lulluɓa ta tafi wurin Malam Attahir, malamin unguwarmu. Ta dawo da laya guda, takarda a naɗe an ɗaure ta tam da zare. Ta miƙo mini tana kallon bango.

Ta ce, "Kai, ungo. A ɗinka wa auta kambu, ya ɗaura a dantse ranar gudu."

Na ce, "Guda ɗaya, Inna?"

Ta ce, "Wani ai ƙafarsa ta ishe shi."

Yau da furfura a kaina na gane wannan ita ce yabo mafi girma da Inna ta taɓa yi mini, iyakar abin da kunya ta bar ta ta furta ke nan. A ranar kuwa abin da kunnena ya ji shi ne: an ba shi takalmi, an ba shi addu'a, ni an bar ni da tafin ƙafa.

Ku da ba ku gaji sana'ar ba, ku ji yadda take. Malam shi ke rubuta laya, baduku shi ke rufe ta da fata, kuma daga ranar da aka ɗinke mai ita ba ya sake ganin abin da ke ciki. Duk amanar a hannun baduku take. Ranar da Baba ya fara ba ni basilla abin da ya fara faɗa mini ke nan: laya ba a buɗe ta, ba a ajiye ta a ƙasa, ba a musanya ta wani da ta wani. Bayan azahar, kasuwa ta yi shiru, na zauna da layar a tafin hannuna. Kusa da ni akwai shuɗiyar takardar nan da ake naɗe kan sukari da ita. Na yage ta, na ninke daidai girman layar, na ɗaure da zare. Na zaɓi jar fatar akuya mafi kyau da ta rage mini tun kafin fari, na rufe takardar sukarin, na yi mata ɗinkin da ban taɓa yi wa wani ba. Ni bahago ne, ɗinkina hagu yake karkata, duk Agadas an san shi. Layar gaskiya kuwa na tura ta cikin wata tsohuwar fata na ɗaura a ƙuguna, ƙarƙashin riga. Hannuna bai yi rawa ba, kuma wannan ne abin da har yau yake ba ni tsoro.

Ranar tsere mun kai mu talatin, duk ƙasusuwa a waje. Wani soja ya harba bindiga sama muka zuba. Kafin a kai rabi na bar kowa, iska tana kaɗa rigata, layar tana bugun ƙuguna, ina jin mutane a bakin hanya suna kiran Barewa. Ban taka ƙaya ba. Ku sake karanta wannan: ban taka komai ba, tafin ƙafata lafiya lau yake. Muna shiga gari, hasumiya ta bayyana a gabana, sai na ji wani sauti a bayana, fat, fat, fat, a hankali, ba gaggawa. Ban waiwaya ba, na san roba ce. Ya iso daidai kafaɗata, sai ya rage gudu, muka jera kamar taku goma.

Ya ce, "Yaya, taho mana. Taho!"

Na nemi ƙarfi a ƙirjina, na nema a cinyoyina, babu ko ɗigo. Ya dube ni sau ɗaya, ya ga abin da ke fuskata, kuma ga wani ɗan unguwar majema yana matso mu a baya. Sai ya saki ƙafa. Na ga fararen takalman nan suna ɗagawa suna sauka, suna ƙanƙancewa, har ya taɓa bangon masallaci. Ni na zo na biyu, kuma kafin in tsaya na riga na fara ɗingishi.

Aka ɗaga Sidi sama. Ya zare hannun riga yana nuna wa jama'a jan kambu, yana ihu wai kambun Yayansa ne, hannun Yayansa ne ya ɗinka. Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin mata. Ni kuma ina zaune a ƙasa riƙe da ƙafa ina ce wa duk wanda ya matso ƙaya ce, ƙaya ce ta aduwa, da ina da takalmi da ba haka ba. A gida Rabi ta ɗauko allura ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta duba dunduniya, ta duba tsakanin yatsu, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta mayar da allurar cikin gwangwaninta, ta kawo mini ruwa. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Sidi ya tafi a bayan babbar motar soja da takalmansa rataye a wuya. Wata bai cika ba buhun farko ya iso. Da shinkafar nan aka yi sunan babbarku, da ita Inna ta mayar da jikinta. Na ci, ba zan ce ban ci ba, amma kowace loma da ƙyashi nake haɗiye ta. Ya yi gudu a Yamai, aka buga hotonsa, ya dawo hutu da kaki mai guga yara suna bin sa. Daga baya aka tura shi Dirku, can cikin hamada, ya yi shekaru, ya yi aure, ya samu igiya a kafaɗa. Ni ina nan rumfa ɗaya, basilla ɗaya. Duk lokacin da aka ce an yi tashin hankali a hanyar hamada, ko mota ta ɓace, sai in tuna ɗan'uwana yana can ya dogara da takardar sukari. Na san rai a hannun Allah yake, ba a cikin fata ba, amma wannan bai sa na yi barci ba. Sau da yawa na ƙudura zan faɗa masa. In ya zo, muka zauna shan shayi, sai in ji bakina ya kama labarin ƙaya, shi kuma yana gyaɗa kai.

Yakan ce wa mutane, "Gaskiya ne. Ba don ƙayar nan ba, wa ya isa ya kama Yaya?"

Kambun kullum yana dantsensa ƙarƙashin riga, ina ganin tudunsa, amma ban taɓa yarda na dube shi da kyau ba. In ya tuɓe riga zai yi alwala sai in sami abin kallo a wani gefen.

Bara ciwon ƙirji ya ɗauke shi, a gadonsa, cikin 'ya'yansa. Da matarsa Mariyama ta fita takaba sai ta zo gidan nan da ƙunshi, ta ce ya bar wasiyya a kawo mini. Na kwance. Takalman ne, sun koma ruwan ƙasa, robar ta tsattsage. A cikin na dama an cusa kambun. Ina ɗaukarsa yatsuna suka gaya mini kafin idona ya gani: fatar ba tawa ba ce, zaren na roba ne, ɗinkin kuma dama ya karkata.

Na ce, "Mariyama, wa ya taɓa wannan?"

Ta ce, "Ai tun muna Dirku ne, Yaya, kafin a haifi Fatima. Fatar ta tsufa ta yage, ya kai wa wani baduku can. Ina tsaye aka buɗe. Mutumin ya yi dariya, ya ce soja an cuce ka, wagga takardar sukari ce."

Na ce, "Shi kuma ya ce mi?"

Ta ce, "Cewa ya yi a mayar da ita yadda take a ɗinke. Ya ce hannun yayana ne ya naɗe ta, kuma da ita na ci. Ya hana ni faɗa wa kowa."

Fatima yanzu tana da 'ya'ya biyar. Ku lissafa da kanku shekarun da mutumin nan ya yi yana zama a kan tabarmata, yana karɓar kofin shayi daga hannuna, yana gaskata mini ƙayar da ya san babu ita. Mun yi faɗa a tsakanin nan, ba sau ɗaya ba, a kan gadon gida, a kan auren 'ya'ya, na faɗa masa maganganu masu zafi, yana da abin da zai faɗa kalma ɗaya ya gama da ni a gaban kowa, bai faɗa ba. A kokawarmu in ka kai mutum ƙasa an gama, kai ne ma za ka miƙa hannu ka tashe shi. Shi ya sa ba na iya kallon faɗan kejin Bashir. In na ga na sama yana dukan na ƙasa, na san da ni ne na samu Sidi a kwance haka zan yi.

Kada ku ɗauka tuba ta wanke ni tas. Na roƙi Allah gafara, na fito da layar Malam Attahir daga akwatina na yi mata sabuwar fata na kai wa babban ɗan Sidi, don tasu ce. Amma in na zauna ni kaɗai, abin da nake ji a raina har yanzu kishi ne. Da ina kishin takalminsa, da kakinsa, da sunansa a bakin Inna. Yanzu ina kishin zuciyar da ta ga takardar sukari ta ce a mayar a ɗinke, don na auna tawa na san ba za ta iya ba.

Takalman suna nan a zaure bisa kanta, su ne waɗanda kuke tambaya me ya sa ban zubar ba. Wata safiya da ba kowa na sauko da su, na kakkaɓe, na zura ƙafata a hankali don kada robar ta ƙarasa rabewa. Ba su matse ni ba, ba su yi mini yawa ba. Ƙafarmu ɗaya ce, kamar yadda ya faɗa.